Wa Ya Tsaya Maka? Tarihin Izinin Zama Daga Ƙasar Kabi Zuwa Kumasi



Duk mai bibiyar littattafan da ake sakawa a intanet ya saba da wannan: a babi na uku jarumi ya yi fushi da mahaifinsa, a babi na huɗu sai ga shi a Landan ko Dubai, ya kama gidan bene, ya sayi mota, har ya fara fita ofis. Ba wanda ya tare shi a filin jirgi, mai gidan haya bai nemi ganin takardarsa ba, ba a kuma ce masa kwanakinsa sun ƙare ba. Alhali duk wanda ya taɓa ƙetare iyaka, ko da ta Kamba ce zuwa Gaya, ya san tambayoyi uku ke jiran baƙo: wa ya ba ka izinin shigowa, wa ya tsaya maka, kwana nawa za ka yi? Tambayoyin nan sun girmi fasfo, sun girmi biza, sun girmi Nijeriya kanta. A wannan makon za mu bi sawunsu daga kwarin Gulbin Kabi, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, don mutanen wannan yanki sun sha zama masu masauki, sun kuma sha zama baƙin da aka ba wa wa'adin mako biyu.

Mu fara da wani baƙo da ya bar mana labarinsa a rubuce. A watan Mayu na 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Ya riga ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya karɓi takardarsa. Amma ƙasar da ke gabansa, daga Birnin Kebbi zuwa bakin Kwara a garin Sayi, tana hannun Gwandu ne, don haka sai da takardar Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi. Halilu mutum ne mai kaɗaita kansa, bai yarda ya ga Baturen ba ko sau ɗaya. Aka bar Abdulkarim a hannun 'yan tsakani, yau a ce kyautarsa ta yi, gobe a ce ba ta kai ba, har sai da ya ƙara da ƙananan bindigogi biyu kafin takarda ta fito. Wanda ya taɓa zaryar neman biza ta hannun ejan zai ga kamar jiya aka yi abin. Jiran dai bai tafi a banza ba, a nan Gwandu aka ara masa littafin tarihin Sangai da aka sani da Tarikh al-Sudan, ya zauna yana kwafe abin da ya iya. A watan Yuni ya wuce ta Birnin Kebbi, ya ga kufan tsohon birnin da mayaƙan jihadi suka ci a 1805.

Takardar da Barth ya karɓa tana da asali a fiƙihu. Malamai suna kiran abin amana: wanda ba ɗan ƙasa ba, ba kuma Musulmi ba, yana iya shiga ƙasar Musulunci idan shugaba ya ba shi aminci a kan ransa da dukiyarsa na wani lokaci. Sai dai takarda tana aiki ne iya inda ikon mai hatimi ya tsaya, kuma a 1853 ikon Gwandu bai kai Argungu ba, garin da ke 'yar tafiya kaɗan arewa da hanyar Barth. Shekara huɗu kafin nan Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi. Shi kansa Nabame ya san zaman baƙunta na dole. Bayan an kashe mahaifinsa Karari a 1831, an kai shi Sakkwato ya yi shekaru masu yawa a fada, ana ci da shi ana sha, amma ba shi da izinin komawa gida. Da aka sake shi, a 1849 ya haɗa Kabawa da Arawa da Zabarmawa da mutanen Dandi suka yi tawaye. Daga nan har zuwan Turawa, kwarin gulbi ɗaya ya zama ƙasa biyu. Takardar Gwandu da za ta cece ka a Birnin Kebbi ita ce za ta jawo maka bala'i a Argungu. An sami sararawa a zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, sulhun da ake kira Lafiyar Toga, daga 1867 zuwa 1875, fatake suka yi ta kai da kawowa. Da sulhu ya warware hanya ta sake rufewa. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu da ƙafarsa aka yi masa su a gulbi, wanda shi ne mafarin bikin kamun kifin da duniya ta sani yau.

Wannan na sarakuna ne da Turawa masu yawon buɗe ido. Talaka da bafatake ba su da takarda, mutum suke da shi. Idan ayari ya taso daga Kano ko Jega zai tafi Gwanja sayen goro, madugu ne fasfonsa. Shi ya san sarkin kowane gari, shi ke kai gaisuwa, shi ke biyan kuɗin fito a bakin gulbi, shi ke cewa waɗannan mutanena ne. Idan aka isa, sai a sauka a zango, a gidan fatoma. A nan ya kamata mu ɗan tsaya, don fatoma shi ne ofishin shige da fice, shi ne mai gidan haya, shi ne banki, duk a jikin mutum ɗaya. Yana ba baƙo ɗaki da tuwon dare, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da bashi. Baƙo ba ya biyan haya wata-wata, fatoma yana samun nasa ne daga la'adar ciniki. In baƙo ya yi ɓarna, fatoma ake kira gaban sarkin zango. In an cuci baƙo, fatoma ke bin kadinsa. In ya mutu, shi zai yi masa sutura ya tsare dukiyarsa har magada su zo. Saboda haka fatoma ba ya karɓar wanda bai san asalinsa ba, sai wanda wani sananne ya turo. Masana irin su Polly Hill a Kumasi da Abner Cohen a Sabon Ibadan sun tarar da tsarin nan yana aiki daram a shekarun 1960.

Kada mu yi wa zamanin ado fiye da kima. Wanda ba shi da mai tsaya masa, a hanyar da ake yaƙi, yana iya wayar gari bawa. Kuma baƙo ko ya shekara arba'in a gari, akwai sarautar da ba za a ba shi ba, akwai fadamar da ba zai mallaka ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Amma akwai ƙofa. Mai unguwa ya kai ka gaban hakimi, a yanka maka fili, ka yi gida, ka yi aure, jikanka ya tashi ɗan gari. Masunci daga wata ƙasa ya gai da Sarkin Ruwa, a nuna masa inda zai jefa koma da inda ba a taɓawa. Da haka garuruwan Kabi suka cika da Zabarmawa da Kyangawa da Barebari da Nufawa, da haka kuma masunta Kabawa da Sarkawa suka bi Kwara har ƙasar Mali.

Marubuci ɗaya ya ishe mu misali. Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Umaru Salaga, asalin gidansu Kabi ne, an haife shi a Kano wajen 1858, ya yi karatu a ƙasar Sakkwato da Gwandu, ya bi hanyar goro zuwa Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete-Krachi inda ya zama limami har ya rasu a 1934. Ana rubuta sunansa da nasaba uku a jere, Bakabe, Bakano, mutumin Salaga, ba a ga wata ta kore wata ba. Ya zauna ƙarƙashin daular Usmaniyya, da sarakunan Gwanja, da Jamusawa, da Ingilishi. Ya rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci, ya rubuta tarihin Kabi, kuma cikin ayyukansa na farko akwai littafin koyar da rubuta wasiƙa. Mutumin da ya tashi cikin fatake ya san darajar takardar da za a nuna a garin da ba a san ka ba.

Sai Turawa suka zo da layi. A 1890 Ingila da Faransa suka zauna suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, bisa zaton duk abin da ke kudu na Sakkwato ne. Shekara guda bayan haka Bafaranshe Monteil ya ratsa ta Argungu a zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, ya ga da idonsa cewa Kabi ba ta bin Sakkwato, Faransa ta sami hujjar neman ƙari. A yarjejeniyar Yunin 1898 aka sake zane: iyaka ta bi Dallol Mawri, sannan aka kafa tsinken kamfas a kan birnin Sakkwato aka zagaya da'ira mai nisan mil 100. Ba a tambayi rijiya ba, ba a tambayi kasuwa ba. Faransawa da kansu suka fara kuka, don hanyar da ta rage musu daga Kwara zuwa Damagaram ta bi ta jejin da ba ruwa. A Afrilun 1904 aka yi babban sulhu tsakanin ƙasashen biyu, Ingila ta yarda ta janye iyaka kudu, aka ƙarasa zancen a 1906, daga nan zuwa 1908 Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi daji suna kafa alamomi.

Abin da Faransa ta bayar a madadin wannan ƙasa zai ba Bakabe dariya ko haushi. Ta haƙura ne da wani tsohon haƙƙin kamun kifi da take da shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can gefen Kanada. Wato a kan kifin wani teku da ba su taɓa jin sunansa ba aka raba ƙasar masunta. Dogondutsi da Matankari suka tafi hannun Faransa, Kangiwa ta zauna hannun Ingila, Arewa ɗaya ta zama biyu. Dosso, wadda ta yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Argungu rabin ƙarni, ta zama ƙasar waje. Gaya can, Kamba nan. A Dole Kaina iyakar ta ratsa gari.

Shekarun farko layin bai hana kowa tafiya ba, sai ma ya ba talaka dabara. Haraji da aikin tilas da ɗibar soja sun fi tsanani a ɓangaren Faransa, har zuwa 1946 da aka soke aikin tilas, don haka ƙauye guda kan kwashe da dare ya wayi gari a ƙasar Argungu ko Gwandu, hakimi kuwa yana murna don masu biyan haraji sun ƙaru. Yunwar 1931 da fara ta jawo a ƙasar Zabarma ta koro wasu dubbai. Takardar da aka fi tambaya a lokacin ita ce ta haraji. Fasfo mai hoto irin na yau sai a taron Paris na 1920 ƙasashe suka daidaita siffarsa, kuma ya daɗe bai shafi ɗan cirani ba. Da kaka ta wuce samarin lardin Sakkwato, wanda Kebbi ke cikinsa, sai su saɓa sanda su nufi Kurmi. A ranin 1952 zuwa 1953 an kafa masu ƙidaya a mafitai da hanyoyi, aka ƙirga fiye da mutum dubu 200 suna fita kudu. Masu yawa cikinsu Kumasi da Ankara suka nufa, aikin koko, dako, ma'adinai, sayar da nama. Ƙasar da suka baro da wadda suka je duk na Sarkin Ingila ne, kuɗi ɗaya ake kashewa.

'Yancin kai ne ya kawo tambayar da ba a saba da ita ba: kai ɗan wace ƙasa ne? Gana ta sami 'yanci a Maris 1957. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Nkrumah ta kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, jagororin jam'iyyar Musulmi da ke adawa da ita. Suka garzaya kotu suka ce a ƙasar aka haife su, ba a korar ɗan ƙasa. Shari'a tana gudana majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a kai, ta yanke zancen, aka sa su jirgi zuwa Kano. Mutanen da aikinsu shi ne tsaya wa baƙi, ranar ba su sami mai tsaya musu ba.

Wannan somin taɓi ne. Ƙidayar Gana ta 1960 ta nuna kusan kashi 12 cikin 100 na mazauna ƙasar asalinsu daga waje ne. Farashin koko ya faɗi, aiki ya yi wuya, aka fara nuna zango da yatsa. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin kwana 14, ko ya bar ƙasar. A rubuce umarnin ba shi da laifi, kowace ƙasa tana da irinsa. A aikace kuwa, kafin a ba ka izinin zama sai ka nuna fasfon ƙasarka, kuma dattijon da ya baro Argungu ko Dosso da ƙafa a 1930 bai taɓa riƙe fasfo ba, lokacin da ya fito ma babu ƙasar da za ta ba shi. Ɗansa da aka haifa a zango ya fi shi shiga uku, don dokar zama ɗan ƙasa ta koma bin jini, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta wadatar. Ofisoshin jakadanci suka cika maƙil, wa'adi ya ƙare. Aka sayar da gida kuɗin akuya, aka bar rumfa da kaya a ciki, aka bar bashi a hannun mutane. Ɗaruruwan dubbai suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa. Wasu yaran da aka sauke a garuruwanmu sun fi jin Asantanci da Hausar zango, 'yan uwansu na yi musu dariyar harshe. A can an ce su 'yan Nijeriya ne, a nan ana ce musu 'yan Gana. A ganinmu babu wani abu a tarihin Hausawan ƙetare da ya kai wannan buƙatar a rubuta shi, kuma waɗanda suka gani da idonsu suna ƙarewa.

Mu ma da muka sami dama ba mu yi abin kirki ba. An kafa ECOWAS a Legas a Mayun 1975, a 1979 aka sa hannu a Dakar kan yarjejeniyar zirga-zirga: ɗan ƙungiya yana iya shiga kowace ƙasa ba biza ya yi kwana 90. A lura, shiga aka ce. Haƙƙin zama sai a 1986 aka ƙara shi, na kafa sana'a kuma a 1990. Cikin wannan giɓi aka yi abin da aka yi. Kuɗin mai ya ja miliyoyin baƙi, sannan farashin ya faɗi, rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980 ya ba masu cewa baƙi ne matsala abin faɗa, zaɓe kuma yana ƙaratowa. Ranar 17 ga Janairu 1983 Ministan Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu, daidai wa'adin da Busia ya bayar. An ƙiyasta mutum miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, kuma daga nan jakar nan mai zanen dara ta sami sunan da muke kiranta da shi har yau, Gana-mas-go. Ba a cika tunawa ba cewa cikin waɗanda aka kora akwai 'yan Nijar masu yawa, masu ga-ruwa da masu gadi da masu shayi, wasunsu daga ƙauyukan da ake hango su daga Kamba. Shugaban ƙasar da ya amince da umarnin, Alhaji Shehu Shagari, ɗan jihar Sakkwato ne ta lokacin, wadda Birnin Kebbi da Argungu ke cikinta. Gwamnatinsa ce kuma a Janairun 1980 ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, ta ajiye shi a Cadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo da shi.

Bayan nan iyakar ta zama kamar ƙofar shago. Janar Buhari ya rufe ta a Afrilun 1984 lokacin canjin kuɗi, ya sake korar baƙi a 1985, ba a buɗe ba sai 1986, ga fari a Nijar, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. A Agustan 2019 aka sake rufewa, wannan karon saboda shinkafa. A nan lamarin Kebbi ya zama mai fuska biyu, kuma marubucin gaskiya ba zai ɓoye ɗaya ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Nuwambar 2015, a Argungu aka buɗe babban injin casa a 2017, rufe iyaka ya ɗaga farashin shanshera, manomin fadama ya ga kuɗin da bai saba gani ba. Shi ɗin ne kuma aka hana kai wa gidan man garinsu fetur don yana cikin kilomita 20 daga iyaka, shi ne ƙanwarsa ke aure a Gaya. An buɗe wasu iyakoki a Disambar 2020, ta Kamba sai Afrilun 2022.

Mu koma kan jarumin littafinmu da ya sauka a ƙasar waje. Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗawa. Fasfo ƙasarka ce ke ba ka, shaida ce cewa kai nata ne. Biza ƙasar da za ka ce ke bayarwa, kuma iyakarta ta kai ka bakin ƙofa da wani dalili, ziyara ko karatu ko jinya ko Umara, jami'in da ke filin jirgi yana da ikon mayar da kai da ita a hannu. A Satumbar 2012 Saudiyya ta tsare mata maniyyata 'yan Nijeriya kusan 1,000 a kan zancen muharrami, aka dawo da da yawa cikinsu, duk da bizarsu. Izinin zama shi ne na uku, shi ne kuma ke buɗe aiki da asusun banki da haya mai tsawo. A Saudiyya sunansa iƙama, kuma shekara da shekaru a ɗaure yake da kafili, mutumin ko kamfanin da ya ɗauko ka. Duk da sassaucin da aka yi a 2021, wanda ya shiga da bizar Umara ya maƙale ba ya cikin lissafi. Shi ne ɗan takari da ke kwana a ɗakin da wani ya kama da sunansa, yana jin jiniya gabansa na faɗuwa. A Dubai ma hayar shekara sai an yi mata rajista da hukuma, ana kuma neman shaidar zama. A Ingila tun Fabrairun 2016 doka ta ɗora wa mai gida ya binciki takardun ɗan haya kafin ya ba shi makulli, in ya saka wanda ba shi da izini a ci shi tara. Ku kwatanta da fatoma. Dukansu an ɗora musu alhakin baƙo, amma ɗaya yana tsayawa ne tsakanin baƙo da hukuma, ɗayan kuwa hukuma ce ta mayar da shi ɗan sandanta. Kafili ma daga kalmar lamuni ya fito, ma'anarsa mai tsaya wa mutum, sai ga shi yau akwai kafilan da ke karɓe fasfon wanda suka tsaya wa su kulle a durowa.

Ko a cikin ECOWAS ɗin, kwana 90 ba zama ba ne. Wanda ya wuce su a Gana ko a Nijeriya doka na son ya yanki katin zama, kuma dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe cinikin kasuwa na sari-ka-sayar ga 'yan ƙasa, ta ce baƙon da ke son harkar saye da sayarwa ya zo da jarin dala miliyan 1. Da ita aka riƙa garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020, a garuruwan da kakanninmu suka kafa zango tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Gana.

A gida kuwa, mafi yawan Zabarmawa da Arawa da ke haya a Birnin Kebbi ko suke noman rani a fadamar Argungu har yanzu tsohon tsari ke riƙe da su: wani ɗan garinsu da ya riga su zuwa ya kai su wurin mai gida, mai unguwa ya san da zamansu. Haka namu da ke Dosso da Yamai. Abin da ya ba wannan zama gindi a doka shi ne yarjejeniyar 1979. Ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka yi juyin mulki a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar da ke tafiya Yamai ta layin da ya bi ta Birnin Kebbi. An buɗe a Maris 2024, amma kafin nan Nijar da Mali da Burkina Faso sun ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, suka kuma fito da fasfonsu na ƙawancen Sahel. A ranar ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga su zauna ba biza kamar da. Sanarwar ta ce za a yi haka ne har zuwa lokacin da za a ba da wata sanarwa.